Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan Hausawan Legas, limamanmu da shugabannin kasuwa, kan masu jinyar ciwon daji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende da sauran zangonninmu, Allah ya ja zamaninku. Allah gafarta malamai, limaman Juma'a da na unguwa. Shugabannin 'yan gwari da 'yan dabbobi da 'yan canji, da iyayenmu mata masu riƙe da islamiyyu, ina gaishe ku da ƙoƙari. Sai 'yan uwana likitoci da nas-nas 'yan Arewa da ke aiki a garin nan, ku ma maganar ta shafe ku.

Ni 'yarku ce, nas a wani ƙaramin asibitin unguwa a Agege, kuma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne mutanenmu masu ciwon daji suna fara magani su bari a tsakiya. Kowa zai ce ai kuɗi ne. Eh kuɗi na ciki, babu musu, amma wallahi na ga wanda 'yan uwa suka sayar da gona suka haɗa masa kuɗin kemo gaba ɗaya, wato ruwan maganin daji da ake sa wa a jijiya, aka yi zagaye biyu ya ce shi kam ya haƙura a mai da shi gida. In ka zauna da irinsu ka tambaya a hankali sai ka ji abin da ya kore su amai ne, baki ne ya ɗaye har ruwa ba ya wucewa, kasala ce wadda mutum ba ya iya ɗaga buta, dare ne ke yi ba barci sai tunani, kuma babu wanda ya taɓa zama da su da harshen da suke ji ya ce wannan za ka gani, ga abin da za ka yi a gida, ga kuma wanda in ka gan shi ko ƙarfe biyun dare ne ka rugo asibiti.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 ya ce a Najeriya mutum sama da 127,000 ne suka kamu a shekara ɗaya, sama da 79,000 suka rasu, kuma na mama da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa su ne kan gaba. Legas na cikin 'yan wuraren da ke da injin rediyotarafi mai aiki, wato na gasa ciwon da haske, tun da aka buɗe cibiyar daji a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, a 2019, shi ya sa ba mazauna gari kaɗai ba, har daga Kano da Sakkwato da Katsina ana turo mutane, su sauka a hannun ɗan uwa ko ɗan garinsu. Wato nauyin nan a ƙofarku yake sauka ranku ya daɗe, ko an sanar da ku ko ba a sanar ba.

Likitocin daji kaɗan ne, layi kuma ya yi tsawo, likita zai duba sakamakon jini ya rubuta magani ya yi bayani cikin 'yan mintuna da Turanci ko Yarbanci ko burokin, shi kuma namu ya gyaɗa kai ya ce to, saboda kunya da girmama likita, ya fito bai kama komai ba. Na ga takardar da aka ba wata baiwar Allah a wani asibiti, shafi biyu na shawarwari da Turanci, ta naɗe ta tsaf ta sa cikin leda tare da katin asibiti tana adanawa kamar rasit, ba wanda ya karanta mata. Ko da an karanta ma shawara ce ta kowa da kowa, an rubuta ta don mai firij da fanka da banɗakinsa shi kaɗai.

To a nan maganata take. Kwayar hana amai da ta kashe zafi aikin likita ne kuma dole a sha su yadda ya ce. Amma akwai wani babban ɓangare na jinyar nan da ba kwaya ba ne, abinci ne da motsa jiki da barci da tsafta da ibada da kwanciyar rai, kuma shi wannan ɓangaren sai an yanka wa kowa nasa daidai da irin ruwan da ake sa masa da irin ɗakin da yake kwana da abin da aljihunsa zai iya.

Bari in ba ku misalin da ya fi tsaya min a rai. Akwai ruwan kemo da ake kira 5-FU, idan ana tura shi a jijiya lokaci guda ana ba majinyaci shawarar ya riƙa tsotsar ƙanƙara na kusan minti 30, sanyin yana matse jijiyoyin baki sai maganin bai isa wurin da yawa ba, gyambon baki ya ragu. Akwai kuma wani, oksaliplatin, da ake yawan ba masu dajin hanji, shi kuma sanyi ne abokin gabarsa na 'yan kwanaki bayan an sa. Wani bawan Allah mai sayar da albasa, dattijo mai kamala, an sa masa wannan ɗin, ya dawo cikin zafin rana ya sayi fiya wata mai sanyi ya kurɓa, nan take ya ji kamar an shaƙe masa maƙogwaro, da asuba ya zo alwala da ruwan randa yatsunsa suka ɗauki zugi kamar lantarki ya ja shi. Shi da iyalinsa suka yanke cewa jifa ne ko kuma maganin ne zai kashe shi, ya ce ba zai koma ba. Abin da ya buƙata bai wuce filas na ruwan ɗumi a gefen shimfiɗa ba, da safa, da a ce masa kar ya taɓa kwalba mai sanyi ko ƙarfen ƙofa da sassafe sai da ƙyalle, kuma ya gaya wa likita in zugin ya ƙi tafiya don a duba awon maganin. Da aka yi masa wannan bayanin da Hausa ya koma. Yanzu ku duba, da a ce maƙwabciyarsa da ƙanƙara ta yi wa amfani ta ba shi shawarar nan da zuciya ɗaya, me za a ce?

Haka abinci. Mu dai in mutum ba lafiya sai a yi ta jibga masa kuloli, farfesu da yaji kamar me, soyayyen nama, tsire, kowa na nuna ƙauna. Mai gyambon baki yaji da tsami azaba ne a gare shi, zoɓo da kunun tsamiya da lemon tsami duk su jira, abin da zai wuce masa shi ne kunun gyaɗa da ya huce, koko mara yaji da madara, alale mai laushi, dafaffen ƙwai, tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ko kuka don santsinta, ayaba, kankana, yogot na kamfani. Ya riƙa kurkure baki sau da yawa a yini da ruwa lita ɗaya da aka sa wa gishiri cokalin shayi ɗaya da bekin soda cokalin shayi ɗaya, kuma don Allah kar a ce babu soda a sa kanwa, ba ɗaya ba ne. Asuwaki mai tauri ma a ajiye shi tukun a samu buroshi mai laushi irin na yara. Mai tashin zuciya kuwa matsalarsa wari ne, abinci mai zafi yana tashin ƙamshi, mai sanyi ba ya yi, kuma ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ya fi cika kwano sau uku. Wani yana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa, cokalin roba kawai sai ya rage masa. Shayin citta mara ƙarfi yana taimakon wasu tare da kwayar hana amai, wasu kuma ƙwannafi yake sa su, wanda ke shan maganin tsinka jini sai ya tambaya tukun. Mai zawo da mai taurin ciki kuwa abincinsu kishiyoyin juna ne, ba za a ba su shawara ɗaya ba.

Kuma akwai wata magana da ke yawo a WhatsApp wai nama da madara da duk wani abu mai zaƙi abincin daji ne, a bar mutum da ganye da ruwan zogale. Don girman Allah a daina. Ramewa na cikin abin da ke sa a ɗage kemo ko a rage shi, jikin da ake yaƙi a cikinsa yana buƙatar wake da ƙwai da kifi da nama. Abin da za a kiyaye shi ne tsafta, nonon da ba a dafa ba da kwaɗon titi da salak na bakin hanya da naman da ya kwana a bar su lokacin da sojojin jini suka yi ƙasa.

Na shiga wani gidan haya irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, mace kwance a katifa kwana kaɗan da sa mata ruwa, risho na ci a bakin ƙofar ana soya manja, an sa turaren wuta a kasko don baƙi, mata sun cika ɗakin kowace da humrarta, yara na shiga da fita, ita kuma tana riƙe da roba tana yunƙurin amai tana amsa gaisuwa saboda kar a ce ta yi wulaƙanci. Babu mugu a ɗakin nan, duk lada suka zo nema. Muka fitar da rishon tsakar gida, aka kashe kaskon, aka buɗe taga, na nuna wa 'yarta inda za ta danna mata a cikin hannu, faɗin yatsu uku ƙasa da wuyan hannu tsakanin jijiyoyi biyun nan, da yadda za ta ja numfashi ta hanci a hankali ta fitar ta baki. Kafin magariba ta sha rabin kofin kunu, kuma ya zauna.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu mata da malamai ku yi mana magana kan dubiya. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, galibi sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa, a wannan tsakanin murar da za ta wuce wa kowa tana iya kwantar da majinyaci. Mai tari ya yi dubiya ta waya, wanda ya zo ya wanke hannu, a gaisa a yi addu'a a tashi. Kuma duk gidan da ake wannan jinyar a samu ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa bai kai na kular farfesu ɗaya ba. Zafi ya kai 38 asibiti za a tafi a take. Mu a Legas duk zazzaɓi maleriya ne, a je kemis a haɗo magani a sha farasitamol a rufa da bargo, ga mai kemo wannan jinkirin na iya zama ajali, farasitamol ɗin ma ɓoye zafin yake yi cutar na ci a ciki. Haka jinin da ya ƙi tsayawa, amai ko zawon da ya hana ruwa zama, numfashi sama-sama, ruɗewa, duk ba na jira zuwa safe ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai abin da ke firgita mutane alhali ba komai ba ne, jan ruwan nan doksorubisin da ake yawan sa wa masu dajin mama yana mai da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu, wadda ba a gaya mata ba sai ta ɗauka jini take zubarwa. Kuma a sani ciwon daji ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa, a daina ware wa mutum kofi, illa dai a kwana biyun farko bayan kemo a zuba ruwa sosai a banɗaki, mai wanke amai ya sa safar hannu, musamman a gidan da ake haɗa banɗaki.

Sai maganar kasala. Al'adarmu mara lafiya kwanciya, in ya tashi a ce koma ka kwanta. Gajiyar kemo da rediyotarafi ba irin wadda barci ke maganinta ba ce, yawan kwanciya ƙara ta yake, kuma cikin abubuwan da aka gwada babu wanda ya kai motsa jiki daidai gwargwado rage ta. A 2025 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi galibi a Kanada da Ostareliya kan mutum 889 masu dajin hanji da suka gama tiyata da kemo, aka haɗa rabinsu da mai horarwa na shekara 3 yana tsara wa kowa motsa jikin da zai iya, yawanci tafiya ce da ɗan sauri, sai aka ga haɗarin dawowar ciwon ko mutuwa ya ragu musu da kashi 28 cikin 100. Tafiya fa, ba wani inji ba. Amma nan ma sai da awo, wanda ciwon ya taɓa masa ƙashi ko jininsa ya yi ƙasa sosai ko tafin ƙafarsa ya dushe saboda magani ba za a ce masa ya kama hanya ba sai likita ko masu fisiyo, wato ma'aikatan gashi da motsa jiki, sun tsara masa. Wani nasa minti goma ne bayan asuba kafin rana ta yi zafi, wani takawa masallaci da dawowa, matar da ba ta fita nata zagayen tsakar gida ne da miƙe hannu a jikin bango. Abin da ke sa mutum ya ɗore shi ne abokin tafiya, kuma matasa sun cika majalisunmu.

Wanda ƙafarsa ta dushe kuma a lura masa da ruwan zafi da tafiya ba takalmi, zai iya ƙonewa ko ƙusa ta shige shi bai ji ba.

Allah gafarta malamai, ɓangarenku babba ne. Duk shekara in Ramadan ya matso sai na ga masu kemo sun dage sai sun yi azumi, wasu su ɓoye wa likita, wasu su ɗage zuwa asibiti har bayan sallah, alhali wasu magungunan in babu ruwa isasshe a jiki ƙoda suke taɓawa. Ni in na faɗa sai a ce 'yar boko ce, amma in liman ya hau mumbari ya karanto ayoyin Suratul Baƙara na 184 da 185 ya ce Allah ya ɗauke wa mara lafiya, ya rama in ya warke ko ya ciyar in ciwon ba na tashi ba ne, magana ta ƙare. Haka hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kwance. Haka taimama ga wanda ruwa ke cutarwa. Akwai waɗanda aka yi wa tiyatar hanji aka maƙala musu jakar bayan gida a gefen ciki, na san wanda ya daina zuwa jam'i gaba ɗaya don yana ganin kullum cikin najasa yake, ya shige ɗaki ya daina magana da kowa, ku kun san hukuncin mai lalurar da ba ta yankewa, ku kun fi ni sanin babin, amma shi bai sani ba kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya a gaban jama'a ba. Sai an bi shi ɗaki.

Addu'a da tofi da ruƙiyya da zamzam ba wanda ya isa ya hana, kuma ni shaida ce suna kwantar da hankalin majinyaci, wanda ke kasa barci in aka sa masa karatu a hankali ya bi da numfashinsa sau da yawa barcin na zuwa. Inda nake roƙo a ja layi shi ne abin da ke huda fata da abin da ke shiga ciki ba a san awonsa ba. Kaho da tsaga da sakiya ga mutumin da ƙwayoyin daskarar da jininsa suka yi ƙasa haɗari ne, jini ya ƙi tsayawa ko wurin ya ruɓe. Jiƙe-jiƙe da agbo da garin da ake haɗawa a kwalba suna iya wahalar da hanta da ƙoda waɗanda dama kemo ya ɗora musu kaya, wasu kuma su rage ƙarfin maganin ko su ƙara dafinsa, ko garehul da ake gani ɗan itace ne kawai yana rikita wasu kwayoyin daji. Zuma da habbatus sauda da man zaitun, a faɗa wa likita ana sha, shi kuma likita don Allah kar ya yi tsawa, in ka yi wa mutum tsawa gobe ɓoye maka zai yi. Ranku ya daɗe ku kuke da ikon kiran wanzamai da masu maganin gargajiya ku zaunar da su da likitoci, a yi maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, domin ita ce ke sa a zauna da ƙullutu har ya fashe kafin a zo.

Akwai maganar mata da zan faɗa a gabanku da neman afuwa, saboda in ban faɗa ba babu mai faɗa. Matar da aka cire wa mama da ƙululun hammata hannunta na iya kumbura ko bayan shekaru, akwai motsa hannu da ake koyarwa da safar matsi da ake aunawa daidai hannun, kuma ba a yi wa hannun nan kaho ko a matse shi da awarwaro. Wadda ake yi wa rediyotarafi, Litinin zuwa Juma'a na makonni, fatar wurin ba ta son soso ko man zafi ko ruwan zafi ko turare, rigar auduga sakakkiya take so, kuma alamar da aka zana mata kar ta goge. Wadda aka yi wa a mara saboda dajin bakin mahaifa takan samu bushewa da tsukewa da zafi wajen auratayya, akwai abin da asibiti ke koyarwa don wannan, amma in ba a yi mata bayani ba sai ta koma ga kayan mata da matsi ta ƙara wa wurin rauni. Masu shan tamoksifen, kwayar dajin mama da ake sha na shekaru, suna fama da zufa da zafin jiki da dare. Gashi ya zube, ɗankwali ya rufe wa duniya amma ita ta san abin da take gani in ta cire. Budurwa ko amarya tana so ta san makomar haihuwarta kafin a fara. Duk waɗannan ba za a faɗe su ga likita namiji ba ana fassarawa ta bakin ƙanin miji. Mace ake buƙata mai jin Hausa, a ɗaki, ƙofa a rufe. Kuma mazan a yi musu nasiha, matar da ta ga miji ya fara ƙaurace wa ɗakinta ita ce ke cewa a bar maganin haka nan.

Mazan ma akwai nasu shirun, wanda ake yi wa allurar dajin mafitsarar maza yana fama da raunin gaba da zufa da saurin ɓacin rai, bai gaya wa kowa ba. Ga kuma 'yan ci-rani da iyalinsu ke Arewa, yana kwana a shago ko barandar masallaci, abincinsa na mai shayi ne da na titi, in ya yi amai da dare ba mai miƙo masa ruwa. Wannan ko wace shawara aka ba shi in ba a sama masa wurin kwana da mai dafa masa kunu ba, an yi aikin banza.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku kuna da ƙofar da ni ba ni da ita, in sarkin Hausawa ya nemi ganin shugabannin LUTH ko LASUTH, asibitin koyarwa na jiha, ko ma'aikatar lafiya ta jiha a Alausa za a buɗe masa. Ku nemi a amince da wasu 'ya'yanmu maza da mata, waɗanda suka yi karatun lafiya ko masu hankali da riƙon sirri, asibitin ya horar da su, su riƙa zama da duk majinyaci mai jin Hausa kafin a sa masa ruwan farko. A tambaye shi ina kake kwana, wa ke dafa maka, me kake iya saya, me ka fi tsoro, me kake sha na gargajiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan a haɗu da nas ɗin sashen da masanin abinci da masu fisiyo a fitar masa da nasa tsarin, a rubuta da boko ko ajami, a kuma yi masa saƙon murya a wayarsa tun da da yawa sun fi sauraro. Sannan a riƙa kiransa duk mako. Kar a raina kiran nan, a asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke Niyok an gwada da mutum 766, waɗanda suke aika rahoton abin da suke ji a kai a kai nas na bin sawu sun fi jure kemo, sun rage zuwa sashen gaggawa, kuma sakamakon 2017 ya nuna sun fi sauran tsawon rai da kusan wata 5. Su da kwamfuta suka yi, mu kati da waya sun ishe mu farawa. Tun 2014 ma babban taron lafiya na duniya ya zartar cewa kula da raɗaɗi da wahalar majinyaci wani ɓangare ne na magani tun daga farko, don haka ba alfarma za ku je nema ba.

Ku kuma shugabannin kasuwa, kuna da asusun ƙungiya, kuna haɗa kuɗin kai gawa gida cikin awa ɗaya, Allah ya saka. A ware wani abu don mai rai. Ɗakuna biyu ko uku a Idi-Araba, na maza daban na mata daban, masu tsafta da ruwa, inda wanda ake yi wa rediyotarafi kullum zai sauka maimakon ya riƙa ratso goslo daga Alaba Rago ko Mile 12 cikin danfo da hayaƙi da tashin zuciya. Na Agege jirgin ƙasan nan na jan layi yana tsayawa a Mushin, a cika musu kati su zauna a kujera, keke ya ƙarasa da su. A samu mata biyu da za a biya su riƙa dama kunu da dafa abinci mai laushi. Yawancin majinyatan nan ciwon ya riga ya mai da su fakirai, malamai sai su yi bayanin zakka a kansu. Mai jinyar ma a tuna da ita, sau da yawa 'ya ce ko ƙanwa ta bar makaranta ko sana'a, a samu mai karɓarta ko yini ɗaya a mako ta yi barci.

'Yan uwana ma'aikatan lafiya, mu ne za mu fara ba da lokacinmu, ko awa biyu ranar hutu. Ina roƙon iyayenmu sarakuna ku sa rana kafin azumi mai zuwa, a fada ko a harabar masallaci bayan la'asar, a kira limamai da shugabannin kasuwa da malaman islamiyya da wanzamai, a gayyato likitan daji ɗaya da nas ɗaya, a kuma ba waɗanda suka gama magani dama su yi magana da bakinsu in sun yarda. Ni da wasu abokan aikina za mu zo da ma'aunin zafi mu koya wa duk wanda ya halarta yadda ake karanta shi, mu kuma rubuta sunayen masu son a horar da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
'Yarku, daga Agege, Legas.